An bar jaki ana dukan taiki

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fara da laifina kafin in taɓa na kowa.

Bara, saura mako uku a ajiye memwar, wata ƴar ajinmu ta kawo mini kwamfutarta. In ta kunna ta, sai ta ɗora shayi ta sauke allon bai gama buɗewa ba, ga wani rubutu da ke fitowa kullum a kusurwa yana cewa Windows ɗinta ba shi da lasisi. Ni kuma lokacin ban daɗe da sanin Linux ba, kun dai san zafin sabon shiga. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yau za ta rabu da wahala. Na kwashe takardunta a kile, na goge Windows, na girka mata Linux, na mayar da takardun. Kwamfuta ta tashi garau kamar sabuwa. Ta yi godiya, ni kuma washegari na hau mota zuwa ƙauye biki. Abu ɗaya ne ban gwada ba, Wi-Fi.

Kwana biyar tana rubuta babi na uku ba intanet. Ran da za ta aika wa malamin da ke duba aikinta, ta nemi rezo sama da ƙasa, ko alamarsa babu a allon. Ta kira ni, wayata ba ta shiga. Sai ta ɗauki kwamfutar ta kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa. Ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce: “Ƙanwata, wa ya sa miki wanga abu? Ai shi ya kashe katin. Kawo jika uku in maida miki Windows.” Ta biya. Ya goge komi, har da babi na uku, don bai tambaye ta ko akwai abin da take son a ajiye ba, ita kuma ba ta san gogewa zai yi ba. Da na dawo na sake tayar da kwamfutar da kilena don in ga abin da ya faru. Katin lafiyarsa ƙalau. Wani ɗan fayil ne ya rasa, wanda bai kai nauyin waƙa ɗaya a waya ba. Aikin minti goma ne.

Ta sake rubuta babin, ta kuma ajiye memwar a kan lokaci, amma har yau in aka ambaci Linux a gabanta sai ta ce Allah ya kiyashe ta. Ba ita kaɗai ba. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, maganar ɗaya ce a fada da ɗakunan kwanan ɗalibai: “Linux ba ya kama Wi-Fi.” Wannan maganar nake so mu zauna mu tuhume ta, don ta sa ɗalibai da yawa sun koma ga abin da ke cutar da su, kuma ta wanke waɗanda ya kamata a kama.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin injin. A cikin kowace kwamfutar hannu akwai ɗan kati, bai fi girman ɗan yatsa biyu ba, da ƴan siraran wayoyi da suka bi ta bayan allo, su ne eriyarsa. Shi ke magana da rezo. Sau da yawa ba kamfanin da sunansa ke kan murfin ne ya ƙera shi ba. Kana iya ganin HP ko Dell ko Lenovo a waje, amma katin na Intel ne, ko Atheros, ko Realtek, ko Broadcom, ko MediaTek. Kafin katin ya yi aiki yana bukatar abu biyu. Na farko shi ne pilot, wato tafintan da ke tsakanin katin da tsarin da ke tafiyar da kwamfutar. Na biyu wani ƙaramin shiri ne da ake ɗura wa katin kansa duk lokacin da aka kunna, injin yana kiransa firmware. In ɗaya ya ɓace, katin zai yi shiru kamar babu shi. Shirun nan ne mai gyaran ya fassara da mutuwa.

To don mi Windows ke samun tafinta, Linux wani lokaci ya rasa? Don masu ƙera katin su ke rubuta wa Windows nasa da hannunsu, kafin ma kwamfutar ta bar masana’anta. Shi Linux, sai in sun ga dama. Atheros ya saki pilot ɗinsa a buɗe tun 2008, shi ya sa tsofaffin katunansa ke kamawa nan take ba a taɓa komi ba. Intel yana da ma’aikatan da ke rubuta pilot ɗin Linux, nasa ma da wuya su ba da wahala. Broadcom kuwa shekara da shekaru ya ƙi bayyana yadda katunansa ke aiki, sai da wasu masu sa kai suka zauna suna bin diddigin katin har suka rubuta pilot ɗin da ake kira b43. Duk da haka ba su da izinin raba firmware ɗin tare da Linux, dole kowa ya je ya sauko da shi da kansa. Sai a Satumba 2010 kamfanin ya buɗe pilot na wasu katunan, wasu kuma, irin BCM43142 da BCM4360, ya bar su da rufaffen pilot. Ka ga ke nan an kulle ɗaki, an bar makullin a ciki: kana bukatar intanet don ka gyara abin da zai ba ka intanet. Wanda ya riƙe sirrin yana can yana ƙirga riba, mu muna nan muna zagin waɗanda suka yi aikin kyauta. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma kada wani ya ce mana shi Windows ba ya yin haka. Ku tambayi duk wanda ya taɓa girka Windows 7 a kwamfutar da aka goge: sau nawa ta tashi ba Wi-Fi, ba sauti, allon ma a kumbure? Shi ya sa kowane mai gyara ke yawo da kile cike da pilot. In Windows ya rasa tafinta sai a ce “saura pilot”, a kawo kile. In Linux ya rasa sai a ce “ba ya aiki”. Ciwo ɗaya, an ba shi suna biyu, don ɗaya mun saba da shi, ɗayan baƙo ne.

Na san abin da wasunku za su ce: “Kamarad, mu karatu ya kawo mu, ba gyaran ordi ba. A bar mu da abin da muka sani.” Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma mu duba mene ne wannan abin da muka sani. Kwamfutocin da ke hannunmu galibi gwanjo ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, in ban da wanda ya shiga wani tsari na ƙarin lokaci. Windows 11 kuma yana neman wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, wato waɗanda suka fara fita a ƙarshen 2017. Juya kwamfutarka ka karanta ƴar takardar da ke manne kusa da madannai. In i5 ɗinka na ƙarni na 3 ne ko na 4 ko na 6, an riga an rufe maka ƙofa. Abin da ya rage shi ne Windows ɗin da aka fasa, wanda ba ka san wa ya fasa shi ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma sau da yawa an kashe masa hanyar karɓar gyara don kada a gane shi. A cikinsa kake buɗe imel ɗinka, a cikinsa kake ajiye hoton katin ɗan ƙasa da takardar bak. A Mayu 2017 cutar kwamfuta da ake kira WannaCry ta kulle injuna a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris, waɗanda ba su karɓi gyaran ba su ta kama. Wannan shi ne gidan da ake cewa mu koma don Wi-Fi ya ƙi kamawa da yamma ɗaya.

Shi kuma Linux da ake yi wa kallon kayan mahaukata, ɗalibi ne kamarmu ya fara shi, Linus Torvalds, a Jami’ar Helsinki ta Finlan, a 1991. Wayar Android da ke aljihunka a kan Linux take tafiya, kuma ban taɓa jin ka ce ba ta kama Wi-Fi ba. Tana kamawa ne don kamfanin wayar ya sa tafintan tun a masana’anta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda matsalar take.

Yanzu in juyo ga mutanena, mu masu wa’azin Linux, don rabin laifin namu ne. Muna yawo da kile a wuya kamar laya, duk wanda ya ce kwamfutarsa na nauyi sai mu ce kawo. Mu goge, mu girka, mu karɓi godiya, mu ɓace. In ya kira ya ce ba rezo sai mu ce “ai sai ka sauko da pilot”. Ya sauko da shi ta ina? Da wane forfe? Mutum yana ƙirga megansa kamar yadda yake ƙirga canjin kasuwa, burs ba ta zo ba, kai kana ce masa ya sauko da giga guda na gyare-gyare. Wasunmu ma har da raini: in ɗan uwa ya ce bai gane baƙin allon nan da ake rubuta umarni ba, sai a yi masa dariya. Garin gyaran gira muna cire wa mutane ido, sannan mu yi mamakin don mi suke gudunmu. Kilen da muke girkawa da shi yana ba da damar a gwada Linux ba tare da an goge komi ba. Minti biyar ya isa a ga ko rezo ya fito, ko sauti na tashi, ko kamara na aiki. Ni ban yi ba, don ina sauri in nuna gwaninta. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle saura mako uku a ajiye memwar.

Su ma manyan Linux ɗin sun daɗe da irin wannan taurin kai. Debian, wanda Ubuntu ya samo asali daga gare shi, shekaru da dama ya ƙi sa rufaffen firmware a cikin faifan girkawarsa na hukuma, don aƙida. Aƙidar tana da kyau, amma wanda ya sha wahalarta shi ne mai kati ɗaya da rezo ɗaya. Sai a 2022 membobinsa suka jefa ƙuri’a suka canza, Debian 12 da ya fito a Yuni 2023 ya zo da firmware a ciki. In su sun iya sauka daga kan dokinsu, mu ma za mu iya.

To mi za a yi in abin ya riga ya faru? Ga abin da na koya bayan na ji kunya, kuma ba ya bukatar digiri a kan kwamfuta.

Ka fara da abin da ya fi sauƙi. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da ɗan maɓalli a gefe ko a gaba, ko wani madanni mai hoton eriya ko jirgin sama da ake dannawa tare da Fn. Jaka kaɗai tana iya ture shi. Buɗe baƙin allon ka rubuta rfkill list. In ka ga “Hard blocked: yes”, maɓalli ne, nemo shi. In “Soft blocked: yes” ne, rubuta rfkill unblock all. In kuma rezo ya fito amma yana ƙin kalmar sirri, duba madannanka kafin ka zargi kowa. Kwamfutar da ta zo daga Amurka QWERTY ce, mu kuma da Faransanci muke girkawa, sai tsarin ya ɗauka AZERTY ce. Kana danna a yana rubuta q, kana danna lamba yana rubuta wata alama, kai ba ka gani don ɗigo-ɗigo ne ke fitowa. Na ga ɗalibin da ya kwana biyu a kan wannan.

In ba waɗannan ba ne, tambayi injin sunan katinsa. Rubuta lspci -nnk ka nemi layin da ke da kalmar Network. Zai ba ka suna da wasu lambobi takwas. Huɗun farko su ne na kamfani: 8086 Intel ne, 168c Atheros, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom, 14c3 MediaTek. A ƙarƙashin layin, in akwai pilot da ke aiki zai faɗi sunansa. Rubuta lambobin a bayan littafinka. Wanda ya san sunan katinsa ya gama rabin aiki, don “Wi-Fi ɗina ba ya yi” ba tambaya ba ce da wani zai iya amsawa, amma “katina kaza ne” tana da amsa a rubuce tun shekaru. Sannan rubuta sudo dmesg | grep firmware. In fayil ne ya ɓace, injin da kansa zai faɗa maka sunansa.

Makullin da aka bari a cikin ɗaki kuwa, tagarsa tana aljihunka. Haɗa wayarka ta Android da kwamfutar da wayar caji, irin wadda ke ɗaukar fayil, ka shiga saitin wayar ka kunna raba intanet ta USB. Linux yana gane wannan ba tare da an ƙara masa komi ba. Da ƴan mega kaɗan za ka sauko da abin da ya ɓace. A Ubuntu akwai wurin ƙarin pilot, a Linux Mint akwai mai kula da pilot, kuma na Mint yana iya ɗauko na Broadcom daga kilen da ka yi girkawa da shi ko babu intanet sam. Tsofaffin katunan Broadcom kuma firmware-b43-installer suke so. In ka girka pilot ya ƙi tashi, leƙa BIOS ka ga ko Secure Boot na kunne, don yana hana pilot ɗin da ba shi da hatimi. In katinka RTL8723BE ne na Realtek, yana ganin rezo sai ka matso kusa da akwatin kamar mai jin ɗumin wuta, to eriya ɗaya aka sa masa, shi kuma yana saurare ta ƙofar da babu waya. Ana gyara shi da layi ɗaya, a ce masa ant_sel=1 ko ant_sel=2. In kuma kwamfutar sabuwa ce fil, wataƙila Linux ɗin da ke kilenka ne ya tsufa, nemi na bana. Wanda ya bar Windows da Linux tare a inji ɗaya, ya kashe saurin tashi na Windows, don ba ya kashe injin gaba ɗaya, wani lokaci yana barin katin a riƙe.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kowane kati yana gyaruwa ba. Akwai masu taurin kai, yau su kama gobe su saki. Ga waɗannan akwai ɗan kilen Wi-Fi da ake soka wa a gefe, amma ka je da kwamfutarka shagon ka gwada kafin ka biya, don kwali ɗaya yana iya zuwa da kati daban-daban a ciki. Ana kuma iya canza katin ciki, sai dai wasu tsofaffin ThinkPad da HP suna da jerin katunan da suka yarda da su kaɗai, in ka sa baƙo ThinkPad zai nuna maka lamba 1802 ya ƙi tashi. Ka saya da kuɗinka, amma wani a wata nahiya ya yanke abin da za ka soka a ciki. Wannan ma a lissafa shi a kan jakin, ba taikin ba. Haka nan wanda karatunsa ya rataya a kan shirin da ba ya tafiya a Linux, irin AutoCAD na ƴan zanen gini, kada kowa ya matsa masa. Ya bar duka biyun a inji ɗaya, ko ya zauna inda yake. Ba addini ba ne.

Masu gyara kuma ba abokan gabarmu ba ne. Da yawansu ƴan uwanmu ne da suka bar lakwal suka koyi sana’a da hannunsu, suna ci da iyali da ita. Abin da nake ƙi shi ne maganin nan guda ɗaya da ake ba kowane ciwo, a goge a sake. Mai gyaran da ya koyi rubuta lspci zai ƙara ciniki ne, don injunan da Windows 11 ya ƙi suna nan da yawa, kuma dole wani ya kula da su. Amma ko bai koya ba, tambaya ɗaya ta wajaba a kansa kafin ya taɓa komi: akwai abin da kike son a ajiye?

Ga abin da nake roƙon ƙungiyarmu da duk fadar da wannan ɗan littafi ya isa. Kada wanda ya sake goge wa ɗan uwa kwamfuta sai ya gwada Wi-Fi daga kile a gabansa, mai ita ya gani da idonsa. Kada a girka wa kowa sabon tsari in saura ƙasa da wata ɗaya ya ajiye memwar ko ya shiga jarrabawa. Wanda ya girka, shi ke da alhakin injin har mako biyu, in zai yi tafiya ya bar lambar wani da ya iya. Sannan a samu kile ɗaya na kowa da kowa, wanda ya samu intanet mai arha ya zuba pilot da firmware a ciki, da littafi guda da za a riƙa rubuta sunan kwamfuta, lambar katinta, da abin da ya gyara ta. Gwanjon da ke shigo mana iri ɗaya ne, ciwonsu ma iri ɗaya ne, shafi ashirin zai ɗauke mafi yawansu. Na riga na sayi littafin, na cika shafin farko da kwamfutar ƴar ajinmu. Duk mai son a duba katinsa ya zo da injinsa da wayar caji ran da muke zama, ya kuma kwafe memwar ɗinsa a wuri biyu kafin ya taho.